Waɗanda suka taɓa zuwa Berlin, Cannes ko Venice lokacin bikin fina-finai, ku ba mu labari

Baban Yara, Kaduna

Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka gani da idonsu. Uwargida na cikin mutanen nan da tun watan Satumba suke fara lissafin wane fim ne zai kai ga Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a watan Maris. Ni kuma gari nake son gani: tsofaffin gine-gine, gidan tarihi, kasuwa. Muna tara kuɗin hutu, kuma tafiya ɗaya za mu iya, shi ya sa muke so mu daidaita ta da ɗaya daga cikin manyan bukukuwan nan uku, Berlin a Fabrairu, Cannes a Mayu, ko Venice ƙarshen Agusta. Mutumin da ba ɗan jarida ba, ba ɗan fim ba, babu kati a wuyansa, me yake iya gani a zahiri? Ko dai kawai za mu biya kuɗin otal mai tsada ne mu dawo da hoton ƙeyar 'yan sanda?

Ɗalibi a Berlin

Wa alaikumus salam Yallaɓai. In fim ɗin ake son kallo da gaske, a zo Berlin. Bikin nan tun 1951 ake yin sa, kuma na mutanen gari ne. Kowa na iya sayen tikiti ta intanet, tsakanin Yuro 15 da 20. Ana sakin tikitin kowane fim kwana uku kafin a nuna shi, ƙarfe goma na safe. Na manyan taurari kafin ka gama shigar da lambar katinka ya ƙare, amma fina-finan sun fi ƙarfin ɗari, kuma gidajen kallon a warwatse suke cikin gari, ba a Potsdamer Platz, cibiyar bikin, kaɗai ba. Ƙananan fina-finan ma sun fi daɗi, don ana gamawa darakta zai fito gaban allo a miƙa wa 'yan kallo makirufo. Na ga wata tsohuwa Bajamushiya, hularta ta ulu na kan cinya, ta tsare wani darakta da tambaya har sai da mai gabatarwa ya shiga tsakani.

Abin da ba zan manta ba shi ne na 2024, shekarar da Lupita Nyong'o ta shugabanci alƙalai. Babbar kyautar ta tafi ga Dahomey na Mati Diop, fim kan kayan sarauta 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Na kalle shi da daddare, gari na wayewa na nufi gidan tarihi na Humboldt Forum, inda ake ajiye tagullar Masarautar Benin, tamu ta jihar Edo. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar su a 2022, wasu an mayar, wasu suna nan a matsayin aro. Tsayawa gaban gilashin nan bayan kallon fim ɗin daban yake da tsayawar ɗan yawon buɗe ido. Don haka Yallaɓai, a nan abin da Hajiya ke so da abin da kake so ba sa karo.

Ga ganin gari kuma, ku hau bas mai lamba 100 daga tashar Zoo zuwa Alexanderplatz da tikitin bas na yau da kullum, za ta bi da ku ta majalisar dokoki da babban titin Unter den Linden. Hawa ƙubbar majalisar kyauta ne, sai dai a yi rajista tun da wuri. Ragowar katangar Berlin da aka yi wa zane tana East Side Gallery, ta fi kilomita ɗaya. Abincin halal ba matsala, titin Sonnenallee a Neukölln kusan duk Larabawa ne, ga masallacin Turkawa na Şehitlik kusa da tsohon filin jirgin Tempelhof. Tikitin takarda kuma a buga masa hatimi a na'ura kafin a shiga jirgi, in ba haka ba tarar Yuro 60 ce, kuma masu dubawa ba sa sa kaki.

Amma fa sanyi. Sanyin Jos ko na hunturun Kano ba su ma kama hanya ba. Wajen biyar da rabi duhu ya yi.

Ɗan Chadi a Nice

Alhaji, ni Cannes na ƙofar gidana, jirgin ƙasa daga Nice minti talatin zuwa arba'in ne. Gaskiya ɗaya ce, bikin ba naka ba ne. Kasuwa ce ta masu sana'a, ba a sayar wa jama'a tikitin manyan fina-finan gasa. Ba ka da kati, iyakarka shinge.

Amma kallon masu kallo ma abin kallo ne. Gaban Palais des Festivals, ginin da ake bikin, za ka ga tsani-tsani na ƙarfe jere, kowanne an ɗaure shi da sarƙa da kwado jikin shinge, da sunan mai shi a rubuce. Tsofaffin 'yan gari ne, tun kafin a buɗe biki suke zuwa su kama wuri, da yamma su hau su hango jar darduma. Sannan ga samari cikin baƙar kwat da ɗan ƙullin wuya, 'yan mata cikin doguwar riga ta biki, tun da rana tsaka suna riƙe da kwali suna roƙon wanda yake da ragowar katin gayyata. Shigar dole ce, don ko an ba ka katin, in ba ka yi ta ba mai gadi zai mayar da kai. Wasu kuwa suna samu.

Abin da ke namu talakawa shi ne Cinéma de la Plage, allo a bakin teku, kyauta, bayan faɗuwar rana. Ka zo da wuri ka kama kujerar shan iska, ka riƙo rigar sanyi don iskar teku ba ta da mutunci da dare. Yawanci tsofaffin fina-finai ne. In Hajiya na so ta riga duniya ganin wanda zai ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin, ba a nan za ta gan shi ba.

Garin kansa ƙarami ne. Ka hau tsohuwar unguwa Le Suquet, ka leƙa kasuwar Forville, ka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Sainte-Marguerite, ka gama. Kada ku kwana a Cannes cikin Mayu, ku kama ɗaki a Nice ko Antibes ku riƙa zuwa. Mu dai muna alfahari da wurin saboda Mahamat-Saleh Haroun namu ya karɓi kyautar alƙalai a can a 2010. Ku ma 'yan Najeriya kun shiga a 2025 da fim ɗin My Father's Shadow. Ranar rufe bikin na shekarar ma wuta ta ɗauke a garin tun da safe, shaguna sun koma karɓar tsabar kuɗi, fitilun hanya duk sun mutu. Wani abokina ɗan Legas dariya ya yi ta yi, wai an yi musu maraba yadda suka saba.

Malamar Asibiti, Landan

Yaya, wani abu da ba a faɗa ba tukuna: duk ukun nan biza ɗaya ce, ta Schengen mai shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 tun tsakiyar 2024, amma ba ta shigo da ku Ingila. Na faɗa ne don kada Anti ta ce a biyo a ga BAFTA, bikin kyautar fina-finai na Birtaniya, tunda ita ma Fabrairu ce. Tun 2023 a Royal Festival Hall ake yin ta, bakin kogin Thames. Na taɓa tsayawa can bayan na tashi daga aiki. Ruwa na yayyafi, lema ta ko'ina, abin da na fi gani shi ne wayoyin mutanen da ke gabana. A allon wayar wata yarinya na gane wanda ake yi wa ihu. Bai kai a nemi biza ta biyu dominsa ba.

Ba'agadashe a Padova

Ina gaida manya. Ni Venice zan ce, kuma ga dalilina. Shi ne bikin da ya girmi sauran, tun 1932, kuma daga nan kakar kyaututtukan ke tashi. The Shape of Water a 2017 da Nomadland a 2020 duk a nan suka fara cin babbar kyauta kafin su je su ci Oscar. Tunda Hajiya mai lissafi ce daga Satumba, to ta zo inda lissafin ke farawa. Ana sayar wa jama'a tikiti, ba kamar Cannes ba.

Bikin ba cikin tsohon garin ake yi ba, a tsibirin Lido ne, mai tituna da motoci kamar kowane gari. Hanyar zuwa ita kanta yawon buɗe ido ce: jirgin ruwan haya mai lamba 1 yana tashi daga wajen tashar jirgin ƙasa, ya ratsa babbar mashigar ruwa, ya bi ƙarƙashin gadar Rialto, ya wuce dandalin San Marco, ya ƙare a Lido. Kusan awa guda. Tikiti ɗaya Yuro 9.50 ne, na yini 25, na yinin za ku saya. Gondola kuwa, kwalekwalen gargajiya na 'yan yawon buɗe ido, Yuro 90 ce rabin awa, ni ban ga abin da take nuna maka wanda wannan bai nuna ba. In kun kai Lahadin farko ta Satumba akwai tseren kwalekwale na gargajiya, shi ma kallo kyauta.

Na je na 2023, lokacin da 'yan wasan Amurka ke yajin aiki, taurari ba su zo da yawa ba, jar dardumar ba ta yi armashi ba. Ni fim ɗin Io Capitano ya kai ni, labarin samari biyu da suka taso daga Dakar suka biyo ta Agadas zuwa Libiya. Agadas garinmu ne. Na san irin motocin, na san yadda ake ɗaura jarkoki da sandunan da fasinja ke riƙewa kada ya faɗo. Ina zaune cikin Italiyawa, na kusa da ni na share hawaye, ni kuma ina tuna yaran unguwa da suka hau irin motar nan ba a sake jin labarinsu ba. Da aka kunna fitila aka yi ta tafi, ban iya tashi da wuri ba. Matteo Garrone ya ci kyautar darakta, yaron Seydou Sarr ya ci ta sabon ɗan wasa. Da na fito kuma sai ga ɗan Senegal yana tallar jakunkuna a kan gada, masu tafin ɗazu suna wuce shi.

Masauki: Mestre da ke dab da Venice, ko nan Padova, jirgin ƙasa rabin awa. Ku bar akwati mai nauyi, gadojin Venice duk matakala ne.

Kawu Mai Ritaya

Ni ban gane ba. Mutum ya sha wahalar biza, ya biya jirgi, ya je ya shige ɗaki mai duhu yana kallon abin da nan da wata shida zai zo masa a waya? Ɗana, ka je Venice cikin Oktoba, jama'a sun ragu, otal ya sauko.

Ɗalibi a Berlin

Kawu, da girmamawa, yawancinsu ba za su taɓa zuwa waya ba. Fim ɗin Iran ko Jojiya ko Sudan da za ka gani a biki, sau da yawa daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa.

Maman Yara

Na karɓe wayar. Sannunku duka, na gode. Kawu, Oktoba ba biki, a yi haƙuri.

Ni fa ban damu da ganin taurari ba. Oscar ɗin ma a falo nake kallo. Na 2025 ya faɗo farkon azumi, aka fara ƙarfe ɗaya na dare agogonmu, kafin a sanar da cewa Anora ne gwarzon fim na riga na ɗora ruwan shayin sahur. Abin da ke ci min rai shi ne kullum sai dai in karanta abin da wasu suka gani. Kuma ina so in ga da idona irin fina-finan da ke shiga rukunin ƙasashen waje, in gane me suka fi mu. An cire Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura, a 2019 saboda Turanci ya yi yawa, sai muka ce to harshe ne matsalar. Aka tura The Milkmaid, akasarinsa Hausa. Aka tura Mai Martaba, Hausa zalla. Ko jerin sha biyar da ake fara tacewa ba su shiga ba. Kenan akwai wani abu bayan harshe.

Ba'agadashe a Padova

Akwai, Hajiya, kuma za ki gan shi a Lido. Fim ya fara fitowa a babban biki, 'yan jarida su rubuta, kamfanin rarrabawa ya saya, a zuba kuɗi a yi ta nuna wa masu jefa ƙuri'a a Amurka wata da watanni. Wanda ƙasarsa ta turo shi kai tsaye ba tare da ya bi ta nan ba, masu zaɓen ma ba su san da shi ba.

Baban Yara, Kaduna

To Cannes dai ta fita. Saura sanyi ko tsada. Ɗalibi, wata tambaya: mu da ba ma jin Jamusanci, ya za mu yi da fim ɗin da ba na Turanci ba?

Ɗalibi a Berlin

Kusan duka da fassarar Turanci a ƙasan allo, Yallaɓai, a jadawalin ma ana rubuta harshen kowanne. A Venice ma haka, Italiyanci da Turanci. Sai dai in Fabrairu kuka tsayar, ku nemi ranar ganawa ta biza tun yanzu, ana karɓar takardu wata shida kafin tafiya, kuma samun ranar ya fi samun tikitin wuya. Rigunan sanyi kada ku saya a gida, ku zo da abin da zai kai ku masauki, zan raka ku inda ake sayar da na gwanjo.