Wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki nauyin "Diktat"?

Jama'a, ina neman shawararku a kan wata kalmar Jamusanci da ta tsaya mini a wuya ina cikin rubutu kan sulhun da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kalmar ita ce Diktat, sunan da Jamusawa suka laƙaba wa yarjejeniyar Versailles.

Dalilin sunan kuwa shi ne, da aka buɗe taron sulhu a Paris ranar 18 ga Janairu, 1919, ba a ba Jamus kujera ba. Sai ranar 7 ga Mayu aka miƙa wa wakilanta sharuɗɗan, aka ce in suna da ƙorafi su kawo a rubuce. An ƙayyade sojojinta ga 100,000, an karɓe ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka, sashe na 231 kuma ya ɗora mata alhakin ɓarnar yaƙin. Jama'a suka fito zanga-zanga, shugaban gwamnati Philipp Scheidemann ya ajiye muƙaminsa don kada ya sa hannu, amma ranar 28 ga Yuni aka rattaba hannu saboda barazanar komawa fagen fama.

Da farko na so in ce shifta, domin a Jamusanci ma kalmar tana nufin abin da malami ke faɗa ɗalibi yana rubutawa. Ma'anar ta dace ƙwarai, sai dai mai karatu zai tuna aji da alli, ba zai ji ɗacin al'ummar da aka ci da yaƙi ba. Amfani da kalmar umarni kuma ya ɓatar da batun sa hannu gaba ɗaya.

Abin da hankalina ya kwanta da shi shi ne sulhun dole, a kan ƙirar auren dole. Bahaushe ya san sulhu da yardar ɓangarori biyu, saboda haka da zarar an jingina masa dole, kunne zai ji cewa an ƙulla abu amma zuciya ba ta amince ba.

Sai dai Diktat kalmar zargi ce, kuma da ita Hitler ya riƙa ingiza jama'a, alhali ita ma Jamus ta ƙaƙaba wa Rasha sharuɗɗa masu tsauri a yarjejeniyar sulhu ta Brest-Litovsk a Maris 1918. Don haka ni zan riƙa rubuta "abin da Jamusawa suka kira sulhun dole". Masana harshe, ko kuna ganin ƙaƙabben sulhu ya fi dacewa?