Na canza gasket, amma Corolla tawa har yanzu tana shan ruwa

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman manyan makanikai na Suame Magazine, unguwar gyaran motoci ta Kumasi. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, mai inji 1ZZ, da ita nake tasi tsakanin Aboabo da Kejetia. Wata biyu ke nan tana shan ruwan lagireto, kusan lita ɗaya a kwana biyu, kuma ko ɗigo ba na gani a ƙasa.

Abin ya fara ne bayan ta yi zafi sau ɗaya a cunkoso, fanka ta mutu ban lura ba. Wani makaniki ya ce gasket ɗin kan silinda ne ya ƙone, ya canza. Sai dai bai kai kan injin an duba ko ya lanƙwashe ba, kuma tsofaffin kusoshin ya mayar. A lokacin ban ce komai ba, kuɗi nake gudu.

Yanzu da safe salansa na fitar da farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi-zaƙi, injin yana rawa na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Idan na buɗe murfin lagireto da sanyi na tada ta, kumfa na ta tasowa, tiyon sama kuma ya yi tauri nan da nan. Fulogin silinda ta 3 ya fito fes kamar an wanke shi. Baƙin mai dai bai koma kalar madara ba.

Don Allah, ta yaya zan gane ko kan ya tsage ne ko lanƙwasa kawai ya yi? A goge shi, ko in nemi na hannu?