Lance Henriksen ɗan rakiya ne ko shi ne gishirin fim?

Na Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sake kallon Aliens na 1986, kuma ina nan a kan bakana, in ka cire Lance Henriksen daga fim ɗin nan rabin daɗinsa ya tafi. Mutumin nan ya fi aktoci da yawa da ake manna hotonsu a fosta iya wasa, sunansa ne kawai ba mu riƙe ba.

Ɗan Zinder: Haba Na Fagge, wannan dai son zuciya ne. Aliens fim ɗin Sigourney Weaver ne da James Cameron. Shi fa Bishop ya fito, mutum-mutumin da ke musu hidima a kumbo, ɗan rakiya kenan. Ko a Terminator na 1984 ɗan sanda ya fito, Arnold ya shigo caji ofis ya bindige shi shikenan.

Na Fagge: To ka tuna wurin wuƙar nan? Ya ɗora hannunsa a kan na Bill Paxton a tebur yana caka wuƙa tsakanin yatsu da gudu, Paxton na ihu shi ko gezau, sai can ka ga ɗan farin ruwa a yatsansa inda ya yanke, daga nan ka san ba mutum ba ne. Kuma tun farko Ripley, wato Sigourney Weaver, ba ta yarda da shi ba saboda mutum-mutumin fim na farko ya ci amanarsu, mu ma haka muka zauna muna jiran ranar da zai juya musu baya, amma ina, shi ya rarrafa cikin bututu ya je ya kira musu jirgi. Da uwar dodannin ta raba shi biyu ma, da rabin jikin ya cafke yarinyar nan Newt kar iska ta zuƙe ta waje. Wallahi har yau wurin nan yana taɓa min zuciya.

Anti Maijidda: Ni a Hard Target na san shi, na Van Damme, 1993, lokacin da yayyenmu ke hayo kaset. Shi ne bos ɗin da ke karɓar kuɗin masu hali su yi farautar mutane a New Orleans. Ba ya cika hayaniya, muryar nan tasa mai kauri kawai ta isa ta hana ki barci. Na fi tuna fuskarsa a kan ta akta.

Ɗan Zinder: Anti ban musa ba yana da kwarjini. Amma ku duba tarin fina-finan arha da ya yi daga baya, irin waɗanda ko silima ba sa zuwa. Babban ɗan wasa ai yana zaɓe.

Malam Habu: Ɗan Zinder a nan ka yi masa rashin adalci. An haife shi 1940 a New York, ya bar makaranta tun yana yaro, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 30, da takardun wasan kwaikwayo ya koya wa kansa. Wanda ya taso haka sana'a ya ɗauki abin, in aiki ya zo zai yi. Kuma cewa bai taɓa jan fim ba kuskure ne. Pumpkinhead na 1988 shi ne gaba, uban da 'yan babur suka kaɗe masa ɗa ya je wurin wata tsohuwar matsafiya a tayar masa da dodo don ramuwa, daga baya duk wanda dodon ya kashe sai ya ji abin a jikinsa, nadama ta kama shi. Sai shirin talabijin na Millennium, 1996 zuwa 1999, sau 3 yana shiga takarar lambar yabo ta Golden Globe a kansa.

Ɗan Zinder: Wannan na Pumpkinhead ban gani ba gaskiya. Amma dai ana cewa shi da Paxton ne Terminator da Alien da Predator duk suka kashe, kun ga ɗan mutuwa kenan.

Na Fagge: Ko wannan ma da gyara. Predator ya kashe shi a fim ɗin Alien vs. Predator na 2004, haka ne. Amma Bishop bai mutu a hannun uwar dodanni ba, a Alien 3 Ripley ta tono shi daga bola ta jona shi, ya faɗa mata abin da ya faru a jirgin sannan shi da bakinsa ya roƙe ta ta kashe shi.

Anti Maijidda: Malam Habu don Allah in kana da Pumpkinhead ɗin ka ajiye min a filas, zan turo yaro gobe bayan la'asar.