Wai me ya sa a tsofaffin finafinan daji baƙar fata kullum ɗan dako ne?

Abba_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na zauna da yara muna kallon Tarzan na 1932, wanda Johnny Weissmuller ya fito, ni ina ta nishaɗi ina tuna ƙuruciya, kawai sai autata ta ce Baba me ya sa baƙaƙen nan kaya kawai suke ɗauka kuma ba a kiran sunansu? Wallahi na rasa ta cewa. Har akwai inda wani ɗan dako ya faɗo daga kan dutse, Baturen nan abin da ya fara tambaya shi ne me ke cikin kayan. To wai an daina wannan abin ne ko riga aka sake masa?

Malam Tsoho:
Wa alaikumus salam Abba. Ai wanda ya ƙirƙiro Tarzan ɗin a 1912, Edgar Rice Burroughs, ko sau ɗaya bai taɓa taka Afirka ba, a Amurka ya zauna ya ƙaga dajinsa. Amma ni wanda ya fi ƙona min rai Sanders of the River ne na 1935, don a Najeriya aka ɗora labarin, wai wani jami'in mulkin mallaka ne uban kowa, da ya tafi hutu sai ƙabilu suka hau kashe juna har sai da ya dawo. Paul Robeson, babban mawaƙi baƙar fata na Amurka, shi ya fito a sarki Bosambo, ya ɗauka za a nuna martabar Afirka, da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin a ƙarshe sai ya nesanta kansa da shi. Abin dariya Jomo Kenyatta ma, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya na farko, yana cikin 'yan cika fage, lokacin yana zaune a Landan.

Zee_Kaduna:
Yaya Abba riga aka sake wlh, dajin ne aka kwashe aka kai sararin samaniya. Dubi Star Wars na 1983, ƙananan halittun nan masu gashi da māsu da ganguna, sun kama jaruman za su gasa su sai suka ga mutum-mutumi mai ruwan zinare suka faɗi suna bauta masa, to miye bambancinsa da mutanen tsibirin King Kong na 1933? Sai Jar Jar Binks a Star Wars na 1999, wawa mai gwaranci, mutane da yawa suka ce irin tsohon wasan da ake yi ne don a yi wa baƙaƙe dariya. Avatar kuma 2009 baƙo ya zo wata uku ya fi 'yan gari iya komai har ya zama jagoransu, Tarzan ne dai aka shafa masa shuɗi.

Dan_Maradi:
Hajiya Zee kin ɗan matsa fa, ba kowane dodo ne ake nufin mu ba. Avatar ai masu zuwa kwasar ma'adinan su ne mugaye.

Zee_Kaduna:
Na yarda su ne mugaye, amma wa ya ceci 'yan garin? Kuma me za ka ce da District 9 na 2009, nan ba dodo ba ne, ƙiri-ƙiri aka ce 'yan Najeriya ne masu safarar makamai da tsafi da cin naman halittun, shugabansu ma Obesandjo aka sa masa. Marigayiya Dora Akunyili tana ministar yaɗa labarai ta ce gidajen sinima su daina haska shi. Kuma ɗan Afirka ta Kudu ne ya shirya fim ɗin.

Abba_Fagge:
Kai, ni District 9 ɗin ma na kalle shi sau biyu ban lura da sunan ba. Malam akwai Sanders ɗin a YouTube ne? Zan fara kallo ni kaɗai kafin yarinyar nan ta sake tsare ni da tambaya.