Rufin gidan Hajiyarmu yana yoyo: faci za mu yi ko a yaye shi gaba ɗaya?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Muna gyaran gidan mahaifiyarmu, ɗaki uku da falo, ginin bulo, rufin kwano tun na zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Har mun sayi tayil da fenti sai damina ta tona mana asiri. Falo yana zuba ta kusurwa, ɗakin Hajiya kuwa in hadari ya haɗo sai an jera bokiti da robobi, silin duk ya kumbura ya yi baƙi. Wani kafinta ya ce faci ya isa. Wani ya ce a yaye duka a sa alminiyam. Ƙanina shi kuma so yake a ƙara bango a yi rawani a ɓoye rufin, irin na gidajen yanzu. Kuɗin hannunmu ba su taka kara sun karya ba, ga shi muna cikin Yuli, kuma Hajiya ta ce ita ba inda za ta. Ina mafita?

Kafinta daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka saurari kowa, har da ni, ka sa tsani a cire silin guda ɗaya ka leƙa da kanka da rana tsaka. Ka kashe tocila tukuna, duk inda kwano ya huje za ka ga haske yana shigowa. Sannan ka kunna, ka ɗauki doguwar ƙusa ka riƙa sokar katakon. In ta shige ba gardama, gara ta gama da shi. Gara ciki take ci ta bar maka baya sumul, mai kallo daga ƙasa sai ya rantse katakon lafiya lau ne.

Abu na biyu, inda ruwa yake ɗiga a ɗaki ba lallai nan ya shigo ba. Yakan shiga ta ramin ƙusa can sama, ya bi jikin katako ya gangaro, ya sauka a wani ɗakin daban. Shi ya sa ake ta faci ana ta zuba. Tsohon kwano yawanci ta wajen ƙusa yake fara yoyo: rana ta buɗa shi, sanyin dare ya tsuke shi, shekara da shekaru ramin ya faɗaɗa, ƙusar ta yi sako-sako. In katakonka na da rai, maganar mai sauƙi ce. In ya mutu, ko kwanon zinare ka ɗora masa iskar farkon damina za ta kai shi gidan maƙwabta.

Maman yara, Katsina:
Don Allah ɗan uwa ka ajiye tayil da fentin nan a sito tukuna. Mu fenti muka fara yi, ruwan Agusta ɗaya ya zana mana bango daga sama har ƙasa. Maganar Hajiya kuma kar ku matsa mata, tsofaffi ba sa son barin ɗakinsu. A yi aikin ɓangare-ɓangare, ta koma falo kwana biyu a gama nata ta dawo.

Injiniya:
Ƙaninka nake so ya karanta wannan. Rufin da ake ɓoyewa cikin rawani yana da kyau a ido, amma duk ruwan saman gidan a kwata ɗaya yake taruwa a bayan bango kafin ya fita ta indararo. Ganyen darbejiya ko leda ɗaya ya toshe bakin, ruwa ya taru, ba shi da hanya sai cikin silin. Kuma galibi don kar kwano ya leƙo sama da rawani sai a kwantar da rufin, gangara ta yi kaɗan, iska ta riƙa tura ruwa ta mahaɗar kwano. Ana yin sa ya yi kyau, amma sai da ƙwararre da kuɗi, da mai hawa yana share kwatar duk shekara. Gidan tsohuwa ba ya bukatar wannan. Ku bar rufin ya zubo waje, bakinsa ya zarce bango sosai don ya kare shi daga feshi.

Alminiyam kuma ba ya tsatsa, kuma ana yanko shi daidai tsawon rufinka, babu haɗi a tsakiya, wannan shi ne babban amfaninsa. Amma ka kula da kauri. Akwai mai kaurin milimita 0.45, akwai 0.55, akwai kuma siraran da ba su kai haka ba, waɗanda ke yagewa a bakin ƙusa. Gara kwano mai kauri da alminiyam mai kamar takarda. Sannan a ɗaure katakon da ke kan bango da rodi a jikin ginin, kar a dogara da ƙusa kawai.

Silin ɗin naku in irin tsohon nan ne na asbestos, kar a farfasa shi da guduma ko a yanka da zarto. Ƙurarsa tana illa ga huhu, har cutar kansa tana jawowa bayan shekaru. A yayyafa masa ruwa, a cire shi ɗai-ɗai, masu aiki su rufe hanci, Hajiya da yara su yi nisa.

Baba mai gini:
Ni ban ga laifin kafintan da ya ce faci ba. Ɗana, a Yuli kake, Agusta na tafe, wa yake yaye rufi a tsakiyar damina? Ka buɗe da safe, la'asar hadari ya taso, katifa da kayan ɗakin tsohuwa su jiƙe. A cire ƙusoshin da suka saki a buga sababbi masu hula da roba, a liƙe ramuka da kwalta, inda ya ruɓe sosai a zura falle ɗaya ko a shimfiɗa tamfol a danne. Wannan zai kai ku ƙarshen ruwa. Daga Nuwamba ka yi aikinka a tsanake, katako ma ya fi bushewa a lokacin. Ɗanyen katako in ya bushe a kan gini murɗewa yake ya ja kwano.

Injiniya:
Gaskiyar Baba ce, ban yi maganar lokaci ba. Amma facin ya zama na wucin gadi, kar a ga ya tsaya a manta.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ruwa:
In za ka sayi kwano ka zo da kafintanka ya zaɓa, amma kai za ka biya da hannunka. Bandir falle 20 ne, ka ƙirga, ka kuma ɗaga ka ji nauyinsa, don sunan kamfani ɗaya za ka gani amma kauri daban-daban. Farashi kar ka riƙe na watan jiya, ka tambaya shago uku ranar da za ka saya. Tsohon kwanon kuma kar a bar wa leburori. Masu kyan ciki su yi rumfa ko ɗakin girki, ruɓaɓɓun kuma 'yan gwangwan za su saya a kilo, ko kuɗin ƙusa ka samu.

Mai gyaran wuta:
Tunda za a buɗe sama, a duba waya. Gidan da ya daɗe yana yoyo ruwa ya sha taɓa mahaɗar wayoyi, ga ɓeraye. A canza su a sa cikin fayif kafin a rufe sabon silin.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na hau jiya kamar yadda aka ce. Ta wajen falo katako biyu ƙusa ta shige kamar cikin burodi, ga hanyar gara ta hau bango ta bayan kabad ba mu taɓa lura ba, ga kashin jemage tuli. Ɓangaren ɗakuna da sauƙi. Mun tsaya a kan faci yanzu, a tokare na falon, bayan ruwa a yaye. Ƙanina ya haƙura da rawani da ƙyar. Saura abu ɗaya: jinga zan ba kafinta ko kuɗin yini?

Kafinta daga Zariya:
Jinga, amma ta aikin hannu kawai, kaya kai za ka saya. Ku rubuta a takarda gaban shaida, kuma ka riƙe wani abu sai an watsa ruwa a saman an leƙa ciki an ga ba ɗigo. Sabon katako a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, har bakin da aka yanka, wasu suna haɗawa da baƙin mai. Hanyar garar nan ta bayan kabad a bi ta har ƙasa a zuba magani, in ba haka ba sabon ma za ta hau. Ranar buga kwano ka tsaya a wajen, ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Yaran aiki in sun ga ba mai kallo sukan buga inda ya fi musu sauƙi.