Wai duk wahalar da ta sami mai bi daga hannun Allah take?

Dattijo Bulus: Salama gare ku 'yan'uwa. Ni dai inda na tsaya, ba abin da ke samun mai bi sai da izinin Ubangiji, ciwo ne ko rashi ko talauci. Ayuba da ya rasa 'ya'yansa goma rana ɗaya bai ce Shaiɗan ya karɓa ba, cewa ya yi Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa. Ku duba Ayuba 1:21.

Mama Rifkatu: Baba kai ne gaba, amma ai wannan surar da kanta ta nuna wanda ya yi ɓarnar, Shaiɗan ne, kuma Kaldiyawa ne suka kwashe raƙuman ba mala'iku ba. Yesu ma ya ce ɓarawo ke zuwa don sata da kisa da hallakarwa, Yahaya 10:10. Ya za mu ɗora wa Uba aikin ɓarawo?

Iliya: Mama kin faɗi abin da ke raina. Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, mun ga 2014 da idonmu, 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu, kafin shekara ta ƙare Mubi ta faɗi har hedkwatarmu ta Kwarhi sai da aka gudu aka bar ta, to wa zai iya zama gaban uwar da har yau 'yarta ba ta dawo ba ya ce mata nufin Allah ne? ni kam bakina ba zai iya ba

Dattijo Bulus: Ɗana ban ce Allah ne ya aiko su ba, Yakubu 1:13 ya hana mu faɗin haka. Izini daban, umarni daban. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufe shi don alheri, Farawa 50:20, bai wanke su ba bai kuma ce abin ya fi ƙarfin Allah ba. In akwai abin da ya kuɓuce masa, to ga wa uwar nan za ta kai kukanta?

Malama Saratu: Ni abin da ya fi ci min rai masu cewa ai zunubinka ne, ko ba ka fid da zakka ba shi ya sa yaronka ke kwance. Almajirai sun yi wannan tambayar a kan makaho a Yahaya 9 Yesu ya ce ba shi ba ne ba iyayensa ba. Mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne ma ya ce ba su fi sauran laifi ba.

Iliya: Sannan wata wahalar fa hannun mutum ce ƙiri-ƙiri, an cinye kuɗin hanya mota ta faɗi, asibiti ba jini mai haihuwa ta rasu, sai a zo jana'iza a ce lokaci ne ya yi, wanda ya ci kuɗin yana zaune a kujerar gaba yana cewa amin.

Mama Rifkatu: To Baba, wannan ma izini ne?

Dattijo Bulus: Izini ne 'yata, kuma zai amsa a gaban shari'a. Bitrus ya ce bisa shirin Allah aka ba da Yesu, a ayar nan ɗaya kuma ya ce ku kuka kashe shi, Ayyukan Manzanni 2:23.

Iliya: To a riƙa faɗin rabi na biyun ma a bagade Baba, rabin farko kawai muke ji.