Neman shawara: wane injin faifai zan saya wa faya-fayan Baba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na tarar da faya-fayansa na garmaho a cikin adaka, wasu da rubutun hannunsa a jikin kwalin. Ina so in ji abin da yake ji. Kuɗina bai kai na babban inji ba, don haka idona yana kan biyu na kamfanin Audio-Technica: AT-LP60X da AT-LP120XUSB, wanda ya fi tsada sosai. Wanne ya fi dacewa da ɗan koyo? Kuma an ce sai na canza kan allura, wato ɗan abin da ke bakin hannun injin mai riƙe da allurar, tun farko, haka ne?

Wani mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, fara ɗaga faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. In ka ji wani da nauyi da tauri kamar tangaran, ba ya lanƙwasuwa, to mai gudun 78 ne, wato yana juyawa sau 78 a minti ɗaya. LP60X ba ya juya shi, 33 da 45 kaɗai ya sani. LP120X yana juya duka ukun.

Kyawun LP60X sauƙi: ka danna, hannun ya tashi ya sauka da kansa. Aibinsa, kan a manne yake da hannun. Allura kawai za ka iya sauyawa, kuma ba ka da ikon rage nauyin da take dannawa, wajen giram 3.5. A LP120X kai ne za ka saita nauyin da kanka, giram 2, kuma duk kan da ka so za ka ɗaura. Ni dai da ni ne, zan ƙara haƙuri in tara kuɗin.

Wata 'yar'uwa: Malam ya faɗi gaskiya. Abin da zan roƙe ka, ka guji irin injunan faifai masu kama da akwatin tafiya ɗin nan. Na saya ɗaya don araha, na yi ta sa faifan da mahaifiyata ta fi so, har na fara jin ƙarar yashi a inda da babu. Har yau abin yana min ciwo.

Wani dattijo a harkar: Yaro, kada ka yi gaggawar sayen sabon kan allura. LP120X yana zuwa da kan allura AT-VM95E, kuma duk alluran gidan VM95 jiki ɗaya suke hawa. Ka zare wannan da yatsa biyu ka tura waccan, babu kwance noti. VM95SP ita ce ta faifan 78, don layinsa ya fi faɗi. VM95C mai zagayayyen baki ta fi yi wa tsohon faifai mai ƙarce uzuri. VM95ML kuwa tana fitar da sauti tsaf har ƙarshen faifai, kamfanin ya ce tana kai awa 1000, VM95E kuma 300, amma duk dattin da ke layi sai ta tono maka shi. 

Kafin duk wannan, wanke faya-fayan. Ruwan batir da ba a sa wa asid ba, da ƙyalle mai laushi; kada giya ko sifirit ya taɓa na 78, yana cinye shi. A tsaye ake jera su, nesa da rana, kuma da hunturu ka riƙa rufe murfin injin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, dattijo. Na duba yanzu, bakwai daga ciki masu nauyin nan ne. Zan jira in cika kuɗin LP120X, in haɗa da allurar SP.